Daga Fadar Sarkin Sudan zuwa Zungeru: Asalin Ziyarar Ɗaliban Katolika a Ƙasar Kontagora

Ranar fita ziyara ba ta ɓuya a makaranta. Tun da sassafe bas ke tsayawa a bakin ƙofa, kayan makaranta sun sha guga, kowane yaro da kular abincinsa da littafin rubutu da biro, malami na tsaye da takardar sunaye yana kira ɗaya bayan ɗaya. In makarantar Katolika ce, direba ba zai tayar da mota ba sai yara sun yi alamar gicciye an roƙi Allah ya kai lafiya ya dawo da kowa lafiya. Wuraren da ɗalibin ƙasar Kontagora zai iya gani ba ɓoyayyu ba ne: fadar Sarkin Sudan, rijiyar Nagwamatse, babbar majami'ar Saint Michael, kufan Turawa a Zungeru, sai madatsar ruwa ta Kainji ga masu ƙarfin aljihu.

Al'adar kwasar yara a kai su wurare masu tsarki ta daɗe a ɗarikar Katolika. A ƙarni na 16 wani limami a birnin Rum, Filip Neri, yakan ja jama'a a ƙafa su zaga manyan majami'u bakwai, ana addu'a ana waƙa, a tsaya a ci abinci a hanya. Shekaru ɗari uku bayan haka Don Bosco, limamin da ya tara yaran talakawa a Turin ta Italiya, ya mai da abin tsarin tarbiyya: duk kaka sai ya fita da yaransa su yi kwanaki suna ratsa ƙauyuka. Ga Bahaushe wannan ba baƙon abu ba ne, don ɗaliban Islamiyya ma ana kai su Hubbaren Shehu a Sakkwato. Doguwar fita ta ƙarshe da Don Bosco ya yi da yaransa ta kasance a 1864, kuma a wannan shekarar ce Umaru Nagwamatse ya kafa garin Kontagora.

Umaru ɗa ne ga Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya baro Sakkwato ya nausa kudu, ya sami sarautar Sarkin Sudan a 1859, ya kafa daularsa da ƙarfin doki da mashi a tsakiyar ƙasashen Kambari, Dukawa, Dakarkari, Kamuku da Gwari. Rijiyar da ake kira da sunansa tana nan a wajen gari, kuma labarin baka ya ce shi ya tona ta lokacin da rundunarsa ta rasa ruwa. Ya rasu a 1876. Ɗansa Ibrahim, wanda ya hau gado a 1880, shi ne wanda sunansa ya fi cika rahotannin Turawa saboda hare-haren kamen bayi. Sojojin Turawa ƙarƙashin Gwamna Lugga suka ci Kontagora a farkon 1901, Ibrahim ya fice daga gari, aka kama shi a 1902, sannan aka mayar da shi kan karaga a 1903. Ya ci gaba da sarauta har 1929.

Wannan mayar da shi da aka yi shi ya tsara makomar mishan a yankin. Turawa sun zaɓi su yi mulki ta hannun sarakuna, kuma Lugga ya yi alkawari a Sakkwato a 1903 cewa gwamnati ba za ta taɓa addinin Musulunci ba. A aikace, hakan na nufin ba a barin ɗan mishan ya kafa coci ko makaranta a ƙasar sarki Musulmi yadda ya ga dama. Limaman ƙungiyar mishan ta Katolika mai suna SMA, wadda aka kafa a Liyon ta Faransa a 1856, sun iso Lakwaja tun 1884, sun kai Shendam a 1907, amma ƙasar Kontagora ta daɗe tana gefen taswirarsu. Kiristocin farko da aka saba gani a garuruwan wannan shiyya baƙi ne: ma'aikatan jirgin ƙasa, akawuna da 'yan kasuwa daga kudu. Mutanen ƙauyuka masu bin addinin gargajiya, su ne daga baya suka zama ainihin jama'ar cocin, kuma an jima kafin a kai gare su sosai.

Ko da aka soma kaiwa, yankin ya kasance a rarrabe. A tsarin coci, Kontagora na ƙarƙashin Minna, Yawuri na duban Sakkwato, Borgu kuwa da ke hayin kogin Kwara na hannun Ilori, don sai a 1991 aka ɗauke ta daga jihar Kwara aka haɗa ta da Neja. Kowace cikin ukun nan ta yi wa ƙauyukan nisa. Ga kuma karɓe makarantun mishan da gwamnatoci suka yi a shekarun 1970, wanda ya sa coci ta rasa abin da ta fi ƙwarewa a kai. Sai a watan Disamba na 1995 Fafaroma John Paul na Biyu ya yanko ƙasa daga wuraren nan uku ya haɗa gundumar mishan guda mai hedkwata a Kontagora, ya damƙa ta ga Timothy Carroll, ɗan ƙasar Ayalan daga ƙungiyar SMA. A 2002 aka ɗaga darajarta, Carroll ya zama bishop. Ya sauka a 2010, aka naɗa Bulus Dauwa Yohanna a 2012, kuma a watan Afrilun 2020 Kontagora ta zama cikakkiyar dayosis.

Aikin bai soma da manyan gine-gine ba. An soma da haƙa rijiyoyi, da ɗan magani, da ajin yaƙi da jahilci lokacin rani, sa'ad da manomi ya ajiye fartanya. Iyaye da yawa a ƙauyukan Kambari ba su taɓa zama a aji ba, kuma sakin yaro ya bar kiwo da gona ya tafi makarantar kwana ba ƙaramar shawara ba ce a gidan da kowane hannu ke da aikinsa. Daga irin waɗannan azuzuwan rani aka kai ga firamare da sakandare, irin Saint Mary da ke Papiri a ƙaramar hukumar Agwara, wadda sistocin OLA ke kula da ita. Sai da aka sami makaranta mai aji-aji, da iyaye masu iya haɗa kuɗin mota, kafin a yi maganar fita ziyara. Saboda haka a wannan yanki abin ɗanye ne, bai wuce tsara guda ba ga yawancin ƙauyuka.

A ganina zangon da ya fi kowanne nauyi shi ne fada. Yara su cire takalma a bakin zaure, su durƙusa, dogarai cikin jajayen riguna suna amsa musu gaisuwa, wani dattijon fada yana jero sunayen sarakuna daga Nagwamatse zuwa Sa'idu Namaska, wanda ya yi sarauta daga 1974 har rasuwarsa a 2021, zuwa Muhammadu Barau Mu'azu da ya gaje shi. A cikin masu durƙuson nan akwai jikokin waɗanda kakanninsu suka hau duwatsu don gudun dawakin wannan gida. Yau sun shigo ta ƙofa, an ce musu sannu da zuwa, suna rubuta tarihin a littafinsu. Malamin da ya san aikinsa ba zai ɓoye musu zancen bayi ba, ba kuma zai mai da shi abin hura gaba ba. Malamin da bai sani ba, sai a dawo da hotuna kawai.

Zungeru kuwa darasi ne na daban. Ita ce hedkwatar Arewa daga 1902 har aka koma Kaduna, a nan aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904 da Odumegwu Ojukwu a 1933. Abin takaici, mafi yawan abin da ya rage ginshiƙai ne cikin ciyawa, ita ma ƙaramar gadar Lugga an kwashe ta zuwa Kaduna tun 1954. A Kainji yaro zai ga madatsar da aka kammala a 1968, a nuna masa ruwan da ya shanye tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya hallaka a 1806.

Sai dai duk wannan lissafi ya dogara ga hanya, hanya kuwa ta lalace. Mai zuwa Zungeru daga Kontagora sai ya bi ta Tegina, garin da 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban Islamiyyar Salihu Tanko sama da 100 a watan Mayun 2021, watanni kaɗan bayan sace ɗaliban kwalejin kimiyya ta Kagara. A watan Yunin shekarar aka shiga kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri. Ranar 21 ga Nuwamba, 2025, aka auka wa Saint Mary ta Papiri da dare, aka tafi da yara da malamai fiye da 200, har gwamnatin Neja ta rufe makarantun jihar. An sako na ƙarshensu gab da Kirsimeti. Ɗan Islamiyya da ɗan mishan, daji ɗaya aka kora su. Uban da ɗansa bai tsira a ɗakin kwanan makaranta ba, wa zai tunkare shi da takardar neman izinin fita ziyara?

Abin da ya rage a hannun makarantu yanzu shi ne na cikin gari, fada da majami'a da babban masallaci, kuma bai kamata a raina su ba, don ana iya zaga su a wuni guda a dawo kafin la'asar. Sauran kuwa aikin hukuma ne. Gwamnatin Neja da ta tarayya su tsare hanyar Kontagora zuwa Tegina da ƙauyukan Borgu, a kuma kewaye abin da ya saura na Zungeru kafin ciyawa da masu kwasar duwatsu su gama da shi.