Gadarif: haƙƙin ɗan haya idan mai gida ya garƙame masa ƙofa

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disamban shekarar, 'yan gudun hijira suka cika Gadarif, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi. Hakan kan sa wani mai gida ya sauya kwaɗo don ya sa wanda zai biya fiye.

Dokar hayar gine-gine ta 1991 ba ta ba shi wannan dama ba. Kotu ce kaɗai ke fitar da ɗan haya, kuma sai da dalili, kamar ƙin biyan haya ko buƙatar mai gida ya zauna da kansa. Ƙarewar yarjejeniya ma ba ta isa ba: dokar kan ci gaba da riƙe hayar har shekara 7.

Wanda aka rufe wa ƙofa kada ya fasa kwaɗon, don sai ƙarar ta juyo kansa. Ya kira shaidu, ya ɗauki hoto, ya kai ƙorafi ofishin mai gabatar da ƙara, wato niyaba, sannan ya nemi kotu ta mayar da shi ɗakinsa.

Inda Hausawa da yawa ke faɗuwa shi ne hayar baka, ba takarda ba rasit. Saƙon tura kuɗi ta Bankak hujja ce, a adana shi. Kada kuma a daina biya don fushi, domin bashin haya ne dalilin da mai gida zai fara kaiwa gaban alƙali.