Akwatin Littattafai: Tarihin Haɗin Kan Ɗakin Karatu da Makaranta a Jihar Arewa

Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san akwai wasu shekaru, tun daga sha uku zuwa wajen sha takwas, waɗanda a cikinsu yaro kan kama karatu ya riƙe har tsufansa, ko kuwa ya sake shi gaba ɗaya. A makaranta ake koya masa haɗa baƙi da wasali, amma littafin aji kaɗai ba ya isa ya sa masa sha'awar karatu. Sai ya sami wani littafin da zai ɗauka don ransa, ba don tsoron jarrabawa ba. To, wa zai ba shi? Makaranta na da yara, amma littattafanta kaɗan ne. Ɗakin karatu na gari yana da littattafai, amma yaran ba a hannunsa suke ba. Abin da za mu duba a nan shi ne yadda aka yi ƙoƙarin haɗa waɗannan biyu a Jihar Arewa, da abin da ya raba su.

Kafin a yi zancen ba da aro, sai an sami abin arawa. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar rubuta labarai da Hausa. Daga wannan yunƙuri aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Magana Jari Ce ta biyo baya, sa'an nan a Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa. Watau ke nan ɗan Midil ya sami abin da zai karanta da harshensa bayan an tashi daga aji.

A cikin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, aka buɗe ɗakunan karatu a garuruwa da dama, don jama'a su san labarin yaƙi. Ana ajiye jaridu da hotuna da 'yan littattafai. Da yaƙi ya ƙare sai ɗakunan suka zauna a hannun En'e. Amma ba domin samari aka shirya su ba. Yawancin littattafan na Turanci ne mai wuya, masu tsaron ɗakunan kuwa ba a koya musu aikin ba. Sau da yawa mai tsaro ya fi jin tsoron ɓatan littafi bisa ga zamansa ba mai karantawa, saboda haka sai ya kulle kabad ya sa mabuɗi aljihu.

A 1952 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa babban laburare a Kaduna, aka ɗora wa wata Baturiya, Joan Parkes, shirya shi. Aikinsa bai tsaya ga mutanen Kaduna ba. An nufa ya gyara ɗakunan karatu na En'e, ya horar da masu tsaronsu, ya kuma riƙa aika littattafai cikin akwatuna zuwa garesu da makarantu da kwalejojin horon malamai. Nan ne haɗin kan ya fara. Dabarar mai sauƙi ce: maimakon kowace makaranta ta sayi nata, alhali ba ta da kuɗin, sai a saya a wuri guda, akwati ya yi kwanakinsa a wannan makaranta, a mayar, a sauya abin da ke ciki, a aika wa wata. Littafi ɗaya sai ya ratsa hannun yaran larduna da yawa kafin ya yage.

A wannan zamani kuma aka ɗaura Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta Zariya tana buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, kamar su Zaruma ta Sakkwato da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano. Sarƙar ta zama mai zobe uku: Zariya ta buga, Kaduna ta rarraba, malamin makaranta ya miƙa wa yaro.

Amma fa ƙarfin sarƙa yana ga zobenta mafi rauni. Ƙasar tana da faɗi ƙwarai, ƙwararrun ma'aikata 'yan ƙalilan ne, hanyoyi kuwa da damina sai a hankali. Akwati ko ya isa makaranta, amfaninsa ya rataya ga mutum ɗaya. In an dace da malami mai son karatu, ya buɗe, ya karanta wa yara shafi biyu uku don ya kwaɗaita musu, ya rubuta sunan mai aro. In ba a dace ba, akwati ya koma Kaduna yadda ya zo. A 1959 aka rufe NORLA, zobe ɗaya ya yi sanyi. A 1963 F. A. Sharr, shugaban laburaren Yammacin Ostareliya, ya rubuta rahoto a kan bukatun Arewa game da laburare. Cikin abin da ya biyo bayan rahoton har da buɗe sashen koyar da aikin laburare a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968.

Sai dai kafin ɗaliban wannan sashe su fito, gidan da za su yi wa aiki ya rabu. A 1967 aka yanka Jihar Arewa zuwa jihohi shida, aka raba musu kayan babban laburaren. Kowace jiha ta shiga gina nata, wata da ƙarfi, wata da ƙyar. Da aka soma ilmin firamare kyauta a 1976, yara suka cika makarantu fiye da yadda aka taɓa gani, littattafan aro kuwa ba su ƙaru daidai da su ba.

Samarin ba su jira kowa ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta a Kano da wasu garuruwa suka shiga buga labaransu da kuɗinsu, masu shaguna suka riƙa ba da hayar littattafan a kan 'yan kuɗi kaɗan, 'yan mata da samari suna karɓa suna musanya. An yi ta gardama a kan abin da littattafan suka ƙunsa, amma sun tabbatar da abu guda: yaran Arewa ba ƙin karatu suke yi ba. Mai haya ya yi abin da akwatin Kaduna ya nufa, gama ya kawo littafi kusa, da harshen da yaro ke ji, yana kuma sauya shi a kai a kai.

Yau kowace jiha da hukumar laburarenta da ma'aikatar ilminta, sau da yawa a gari ɗaya, wani lokaci a titi ɗaya. Abin da mutanen 1952 suka yi da jirgin ƙasa da lori bai fi ƙarfinmu ba. Ana bukatar yarjejeniya rubutacciya tsakanin hukumomin biyu, da kuɗin sayen littattafai har da na Hausa, da malami guda a kowace sakandare wanda aka horar, aka kuma rage masa darussa don ya riƙe mabuɗin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaron da ke aji ɗaya na sakandare bana kuwa shekara shida kawai za mu yi da shi.