Haƙƙin Iyalan Mazan Jiya: Daga Bama Zuwa Falgore

Dubban 'yan Arewa sun yi yaƙin Bama a rundunonin Afirka ta Yamma na 81 da 82, amma sai a 1964 doka ta kafa Ƙungiyar Tsofaffin Sojojin Najeriya domin kula da mazan jiya da iyalansu. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya bar matan mamata da marayu birjik. Daga nan aka kafa Hukumar Fanshon Soja a 1975, ranar tunawa da mazan jiya kuma ta koma 15 ga Janairu.

A yau iyalin sojan da ya rasu a bakin aiki suna da haƙƙin garatuti, kuɗin inshorar rai da tallafin karatun 'ya'ya. Sai dai hukuma tana bin sunan magajin da mamacin ya rubuta ne, alhali a Musulunci matan aure da 'ya'ya duk suna da rabo a gado.

A Tudun Wada da Doguwa, inda dajin Falgore ya zama filin atisayen soja tun 2017, da Kiru da Bebeji, gida mai mata biyu ba baƙon abu ba ne. Sojan da bai sabunta takardar magaji ba bayan ƙarin aure ko haihuwa, rigima ya bar wa iyalinsa tare da kuɗin.