ZARE: Tarihin kuɗin marasa aiki, daga haraji zuwa N-Power

1/ Jama'a, da yawanmu muna gama jami'a zaman kashe wando ne ke jiranmu. Shin an taɓa biyan marar aiki a ƙasar nan a matsayin haƙƙinsa? Na bi tarihin ne daga garinmu Zakirai, ƙaramar hukumar Gabasawa. Ku biyo ni.

2/ Ingila ta fara inshorar rashin aiki a 1911, Amurka a 1935. Ana zuba kuɗi lokacin da mutum ke aiki. In aka sallame shi ba da laifinsa ba, sai a riƙa biyansa na wani lokaci, muddin yana neman wani aikin. A Amurka har haraji ake biya a kan kuɗin.

3/ Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, amma wannan tsarin bai biyo su nan ba. Abin da ya iso ƙauye shi ne haraji da tsabar kuɗi a kan kowane baligi namiji. Hakimi ya matsa wa dagaci, dagaci ya matsa wa mai unguwa. Gyaɗa ta yi ko ba ta yi ba, sai ka biya.

4/ Rangwamen kawai shi ne a ɗauke maka. Tsoho tukuf, makaho da kuturu akan cire su daga lissafi, amma ko kwabo ba a ba su. Dangi, zakka da bara ne suka riƙe su, ƙarƙashin shugabanninsu irin su Sarkin Makafi.

5/ Mai lafiya fa? Inshorarsa biyu ce: rumbun gandun gidansu, da cin rani. Ana gama girbi sai birni, dako ko ga-ruwa, a samo na haraji. Har yau samarinmu wannan hanyar suke bi.

6/ A 1979 gwamna Abubakar Rimi na PRP ya soke haraji da jangali a Kano. An daina karɓa daga talaka, amma ba a fara ba shi ba.

7/ Sai zamanin shirye-shirye: NDE a 1986, NAPEP a 2001, SURE-P a 2012, N-Power a 2016. N-Power na masu digiri, a wancan lokacin an riƙa biyan naira 30,000 ne a wata, shekara 18 zuwa 35, rajista ta intanet. Ku lura, ladan aiki ne na wucin gadi, kuma sai wanda aka ɗauka.

8/ Masu buƙata ta musamman: a 2007 Sule Lamido ya fara biyansu naira 7,000 duk wata a Jigawa, nan maƙwabtanmu. A 2019 aka sa hannu kan dokar tarayya da ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Gurbi ta bayar, ba alawus ba.

9/ Abu mafi kusa da kuɗin rashin aiki yana cikin dokar fansho ta 2014. Wanda ya rasa aiki ya yi wata 4 bai samu wani ba, zai iya cire har kashi 25 na asusun fanshonsa. Kuɗinsa ne fa. Manomin Zakirai da ɗalibin da bai taɓa karɓar albashi ba ba su da wannan asusun.

10/ Darasin da na ɗauka: shiri yana tafiya da gwamnatin da ta kawo shi, doka ce kaɗai za ka iya kai ƙara a kanta. In ɗan takara ya zo da alƙawarin tallafi, ku tambaye shi: wa ya cancanta, daga wane asusu, kuma wace doka ce za ta riƙe shi bayan ka sauka?