Daga wata uku zuwa wata ɗaya: tarihin fita daga kwantiragin waya a Jamus

Wanda ya saba da sayen kati ya loda, in ya ƙare ya ƙaro, in kamfani ya ɓata masa rai ya zare layin ya jefa a aljihu, da wuya ya gane abin da ya sa a da Bajamushe yake rubuta ranar soke kwantiragin wayarsa a kalanda tun ranar da ya sa hannu. A Jamus mutane da yawa ba da kati suke waya ba. Yarjejeniya suke ƙullawa da kamfani, ana cire kuɗin daga asusunsu na banki duk wata. Shekara da shekaru kuma, har zuwa ƙarshen 2021, yarjejeniyar ta yi ta tafiya ne a kan lambobi uku: 24, 12 da 3. Wata 24 kana ɗaure. In kana son fita, dole sanarwarka ta isa hannun kamfani saura wata 3 wa'adin ya cika. In ka makara, ko da kwana ɗaya ne, an ƙara maka wata 12.

Lambobin nan sun girmi wayar salula. A 1976 Jamus ta Yamma ta yi dokar da ta sa wa kamfanoni takunkumi a kan sharuɗɗan da suke bugawa da ƙananan haruffa a bayan takarda, waɗanda mai saye ba ya da ta cewa a kansu. Dokar ta ce yarjejeniyar kawo kaya ko yin hidima a kai a kai, irin ta jarida da mujalla, kada ta ɗaure mutum fiye da shekara biyu, kada ta sabunta kanta fiye da shekara ɗaya, kada kuma a nemi sanarwar da ta wuce ta wata uku. Iyaka aka shata don a kare mai saye. Da kamfanonin waya suka zo, sai suka je bakin iyakar suka kafa tanti, abin da doka ta ce kada a wuce ya zama abin da ake ba kowa.

Ya kamata a yi musu adalci a kan shekara biyun. Lokacin da aka buɗe layukan GSM na farko a 1992, D1 na kamfanin gwamnati da D2 na Mannesmann, waya kan ci dubban mak, kuɗin Jamus na lokacin, sai mai hali. E-Plus ya shigo a 1994, Viag Interkom a 1998, gasa ta yi zafi, aka koma tallan waya a kan mak ɗaya ga duk wanda ya sa hannu. Banza ba ta kai zomo kasuwa: kuɗin wayar yana cikin abin da ake cira duk wata, kuma sai an yi wata 24 kamfani yake fanshewa. Wannan bashi ne da aka sake wa suna, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Har nan babu wanda aka cuta.

Inda zance ya lalace shi ne wata ukun da kuma shekarar da ke biye. A ƙarshen wata na 24 an gama biyan kuɗin waya, amma kuɗin wata ba ya sauka. Sau da yawa ma hawa yake yi, domin rangwamen da aka jawo mutum da shi ya ƙare. A ɗauka a wancan lokaci mutum yana biyan yuro 40 a wata. Ranar da zai yi magana tana ƙarshen wata na 21, lokacin da babu abin da zai tuna masa. In ya farka a wata na 22, ya riga ya ci bashin yuro 480 na shekarar da bai nema ba, a kan wayar da ya gama biya. Babu wani aiki da kamfani yake bukatar kwana casa'in kafin ya gama don ya kashe layi ɗaya. Amfanin wa'adin ɗaya ne, wato ya faɗo a lokacin da hankalin mai layi yake wani wuri.

Sannan ga wahalar aika sanarwar kanta. A dokar Jamus ranar da takarda ta isa ita ce abin lissafi, ba ranar da aka jefa ta a akwatin gidan waya ba. Kamfanoni da yawa kuma sun sa sharaɗin sai wasiƙa mai sa hannu da biro. Shi ya sa aka saba ganin mutane a gidan waya suna biyan kuɗin wasiƙa mai rajista, suna adana rasit, don kada gobe a ce ba a gani ba. Har sana'a ta tsiro daga wannan tsoro, ta masu tuna wa mutum ranar da rubuta masa wasiƙar a biya su. Mai son tafiya da lambarsa, abin da bai yiwu ba sai a ƙarshen 2002, shi ma sai ya biya kuɗin sallama da ya kai kusan yuro 30. Baƙi ma sun sha wannan, ɗalibai da ’yan ci-rani da ke sa hannu a shago a kan takardar da ba su iya karantawa ba.

Wasu ƙasashe sun riga Jamus motsawa. Faransa, a dokar da aka fi sani da sunan Luc Chatel ta Janairun 2008, ta ce kwana goma kacal kamfani zai ɗauka bayan an sanar da shi, kuma wanda ya yi shekara ɗaya a cikin biyun yana iya tafiya in ya biya kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya rage. Da kamfanin Free ya shigo kasuwar salula a 2012 da layi marar ɗauri kwata-kwata, sauran suka bi sahu ba don suna so ba. Kanada a 2013 ta ce sokewa tana fara aiki ne ranar da sanarwa ta isa. A Birtaniya, daga Yulin 2019, saƙon tes ɗaya zuwa 65075 ya isa a turo wa mutum lambar sauya kamfani, aka kuma hana tsohon kamfanin karɓar kuɗin kwanakin sanarwa bayan mai layi ya tashi. Mu ma a Najeriya an fara ƙaura da lamba daga kamfani zuwa kamfani a Afrilun 2013, sai dai tunda yawancinmu masu kati ne, layi biyu a waya ɗaya ya riga ya yi mana maganin abin.

Jamus kuwa da kaɗan-kaɗan ta yi nata. Daga Oktoban 2016 imel ya wadatar, ba sai da sa hannu ba. A 2017 aka tilasta wa kamfanoni su rubuta ranar ƙarshe ta sokewa a jikin takardar kuɗin wata, gyaran da ya fi amfanar wanda dama yake karanta takardar. Babban turin daga Tarayyar Turai ya zo. Kundin dokokin sadarwa na 2018 ya ce in yarjejeniya ta sabunta kanta, mai layi yana da ikon fita a kowane lokaci da sanarwar da ba ta wuce wata ɗaya ba, aka ba ƙasashe zuwa Disamban 2020 su mayar da shi dokarsu. Jamus, wadda ta bar jama'arta suna asarar shekara saboda makarar kwana ɗaya, ita ta makara da kusan shekara guda.

Ministar shari'a ta lokacin, Christine Lambrecht ta jam'iyyar SPD, ta so a wuce haka, a rage ɗaurin farko zuwa shekara ɗaya. Abokan mulkinta na CDU da CSU suka ƙi, da hujjar cewa dogon kwantiragi ne yake sa waya mai tsada ta shiga hannun mai ƙaramin ƙarfi. Ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a hujjar, ko da yake masu kamfani ne suka fi murna da ita. Shekara biyun ta tsira. Amma daga 1 ga Disamba 2021 sabuwar dokar sadarwa ta kashe 12 ɗin: bayan wata 24, sanarwar wata ɗaya ta isa, har ga waɗanda suka sa hannu tun kafin dokar, kuma tafiya da lamba ta zama kyauta. A Maris 2022 aka shimfiɗa irin wannan a kan sababbin yarjejeniyoyin wuraren motsa jiki da jaridu da makamantansu. A Yulin shekarar aka wajabta wa duk kamfanin da ake iya ƙulla yarjejeniya da shi ta intanet ya sa maɓallin sokewa a shafinsa, a inda ido zai gani. Wanda bai sa ba, mai layi yana iya tafiya nan take, ba tare da jiran kowane wa'adi ba.

Kamfanoni ba su naɗe hannu ba. Wasu suka cusa maɓallin a can ƙasan shafi ko bayan kalmar sirri, ƙungiyoyin kare masu saye suka yi ta kai su kotu. Babbar dabarar dai ita ce a kira mutum tun wa'adinsa bai cika ba, a yi masa tayin sabuwar waya, ya amince da sabon ɗaurin wata 24 da za a ɗora a kan ragowar tsohon. Ta haka sai ɗauri ya zarce shekara biyu alhali a takarda ba a karya doka ba. Ƙungiyar kare masu saye ta Berlin ta kai Vodafone ƙara a kan haka, maganar ta kai kotun Tarayyar Turai da ke Luksambag. A Fabrairun 2025 kotun ta yanke cewa iyakar wata 24 ba ta tsaya ga yarjejeniyar farko kaɗai ba, ta hau kan wadda aka sake ƙullawa da kamfanin, ko da an sa mata hannu tun tsohuwar ba ta ƙare ba.