Daular Akkad: Tasowarta da Rushewarta

Akkad daula ce da ta kafu a ƙasar da ke tsakanin kogin Dijla da na Furat, inda Iraƙi take a yau. Ta yi zamani daga wajen shekara ta 2334 zuwa 2154 kafin Miladiyya, kuma masana da yawa ita suke ɗauka daula ta farko da ta tattara birane masu yawa a hannun sarki ɗaya. Kafin ita, biranen Sumer irin su Ur da Uruk da Lagash da Umma kowanne gashin kansa yake ci, kullum cikin rigimar gonaki da magudanan ruwa.

Shekarun zamanin daular ma sai da aka sha gardama a kansu. Nabonidus, sarkin Babila na ƙarshe, wanda ya yi mulki daga 556 zuwa 539 kafin Miladiyya, ya sa an tona harsashin gidan bautar rana a birnin Sippar, aka tarar da sunan Naram-Sin, ɗaya daga sarakunan Akkad. Sai ya sa aka rubuta cewa Naram-Sin ya riga shi da shekara 3,200. Turawan da suka fara karanta allunan yumɓun Babila suka gaskata shi, suka kai Akkad wajen 3800 kafin Miladiyya. Ashe lissafin ya zarce da kusan shekara 1,500. Shekarun da ake aiki da su yanzu daga jerin sarakuna da lissafin taurari aka fitar da su, kuma suna iya gusawa da gomman shekaru gaba ko baya.

Wanda ya kafa daular shi ne Sargon. Labarin da ya fi yaɗuwa ya ce mahaifiyarsa ta sa shi cikin kwando ta tura kogi, mai ɗiban ruwa ya tsince shi. Labari ne mai daɗi, amma allunan da ke ɗauke da shi sun biyo bayansa da fiye da shekara dubu. Abin da ya fi ƙarfi shi ne ya fara da hidima a fadar Ur-Zababa, sarkin Kish, yana miƙa masa ƙoƙon sha. Daga baya ya ci Lugalzagesi, sarkin Uruk, da yaƙi, ya kai shi Nippur da ƙangi a wuya. Ya rushe ganuwoyin biranen kudu, ya ɗora musu hakimai mutanen Akkad. Rubutunsa na alfahari da cewa mutum 5,400 ke cin abinci a gabansa kowace rana, kuma jiragen ruwa daga Dilmun da Magan da Meluhha, wato Bahrain da Oman da kwarin Indus, suna tsayawa a mashigar birninsa, Akkad. ’Yarsa Enheduanna ya naɗa shugabar gidan bautar wata a Ur, ita ce kuma ake yawan kira marubuciya ta farko da tarihi ya riƙe sunanta.

’Ya’yansa biyu, Rimush da Manishtushu, suka gaje shi bi da bi. Rimush a murƙushe tawaye ya kashe yawancin zamaninsa.

A hannun jikansa Naram-Sin, wajen 2254 zuwa 2218, daular ta kai ƙololuwa. Biranen kudu da na arewa suka haɗa kai suka yi masa bore, ya ci su duka. Daga nan ya kira kansa sarkin kusurwoyi huɗu na duniya, ya kuma ɗaga kansa zuwa matsayin abin bauta. Akwai dutsen da aka sassaƙa shi a kai, da hular ƙaho, yana tattake mutanen Lullubi. Wani sarkin Elam ya kwashe dutsen ganima zuwa Susa bayan shekara dubu, Faransawa suka tono shi a can a 1898, yanzu yana gidan tarihi na Louvre a Faris.

Batun rushewar ne ya fi raba kan masana. Marubutan Sumer da suka zo daga baya sun ɗora laifin a kan Naram-Sin: wai ya rushe Ekur, babban gidan bauta na Nippur, shi ya sa aka turo masa Gutiyawa daga duwatsun Zagros. Sai dai tubalan da aka tono a Nippur sun nuna gina wurin ya yi, kuma ɗansa Shar-kali-sharri ya ci gaba da aikin, ya yi mulki kusan shekara 25. Gutiyawa sun kai hare-hare, babu shakka, amma daular da ta riga ta yi rauni suka tarar.

A 1993 Harvey Weiss na Jami’ar Yale da abokan aikinsa suka kawo wata hujja daga Tell Leilan, a arewa maso gabashin Siriya. Sun ga alamar an watse daga garin wajen 2200 kafin Miladiyya, ƙura ta binne shi kusan shekara 300. Suka ce fari ne ya kashe noman arewa, wanda da ruwan sama ya dogara, rumbunan daular suka ƙafe. Ƙurar da aka samu cikin lakar tekun Oman ta ƙarfafa maganar farin. Amma fari kaɗai bai isa bayani ba. Urkesh, wanda bai da nisa da Tell Leilan, bai zama kufai ba, kuma a kudu, inda ake noman ban ruwa, Lagash ta yi arziki a zamanin mai mulkinta Gudea jim kaɗan bayan haka. Abin da ya fi kama hankali shi ne biranen da aka haɗa da takobi ba su taɓa sallamawa ba, da fada ta yi rauni kowa ya kama gabansa.

Bayan Shar-kali-sharri labari ya yi ƙaranci. Jerin sarakunan Sumer ya lissafa mutum huɗu cikin shekara uku, sannan Dudu da Shu-turul, waɗanda ikonsu bai wuce kewayen birnin Akkad da nisa ba. Wajen 2112 Ur-Nammu ya kafa sabuwar daula a Ur.

Harshen Akkad ya ci gaba da zama harshen rubutu a Babila da Assuriya kusan shekara dubu biyu. Birnin Akkad kuwa har yau ba a gano kufansa ba. Ana kyautata zaton yana kusa da inda kogin Diyala ya haɗu da Dijla, a yankin Bagadaza, kuma duk abin da aka sani game da daular daga wasu garuruwa aka tono shi.