Jininsu Ya Haɗu: Tarihin Soyayya A Finafinai Masu Dogon Zango Na Koriya Da Sin

A gidan da nake haya a nan Ingila mu huɗu ne, dukkanmu ɗalibai mata, kicin ɗinmu ɗaya, falonmu ɗaya. Cikinmu akwai 'yar Koriya ta Kudu, akwai kuma 'yar ƙasar Sin. A lokacin hunturu, sa'ad da duhu ke shiga tun ƙarfe huɗu na yamma, ba mu da wurin zuwa, sai mu taru a falo mu kunna fim mai dogon zango. To, nan ne gardama ke tashi. 'Yar Koriya ta ce finafinan Sin sun cika tsawo da makirci, har mutum ya manta wa ke son wa. 'Yar Sin ta ce na Koriya ba komai a cikinsu sai kuka da kallon juna, kuma kowane saurayi ɗan attajiri ne. Ni dai ina gefe ina saurare, amma na lura da wani abu: duk lokacin da jarumi da jaruma suka dace da juna, mukan gane a tare, har da ni da ba na jin yaren. Mu a Hausa cewa muke yi jininsu ya haɗu.

Da yake tarihi na karanta, sai na kasa barin maganar a falo. Shin wannan haɗuwar jini dace ne kawai aka yi da kyawawan 'yan wasa, ko kuwa gina ta ake yi? Abin da na gano shi ne gina ta ake yi, kuma ƙasashen biyu kowace da hanyar da tarihinta ya ɗora ta. Na ga ya kamata in kawo wa 'yan uwa ɗalibai bayanin, domin da yawanmu muna kallon waɗannan finafinai, ƙannenmu a gida ma haka, kuma abin da mutum ke ba sa'o'i sittin na rayuwarsa ya cancanci ya san asalinsa.

Koriya: soyayyar da ake ja wa rai

A shekarar 1992 tashar MBC ta nuna wani fim mai kashi 16 da ake kira Jiltu, wato kishi. Labarin wani saurayi ne da wata budurwa da suka daɗe suna abota, kowa ya ga suna son juna sai su kaɗai. Sai a kashi na ƙarshe suka rungumi juna. Masana a Koriya suna ɗaukar wannan fim a matsayin mafarin sabon salo, na matasan birni masu aikin ofis. Wato tun daga farko an aza tubalin: mai kallo ya riga masoyan sanin abin da ke zukatansu, sai a bar shi yana jira.

A wannan shekarar ce kuma Koriya ta Kudu da Sin suka ƙulla huldar jakadanci. A 1997 babbar tashar talabijin ta Sin, CCTV, ta nuna wani fim na iyali daga Koriya mai suna What Is Love, ya kuwa samu karɓuwa ƙwarai. A shekarar ce kuma rikicin kuɗi ya faɗa wa Asiya, darajar kuɗin Koriya ta zube. Gobarar Titi a Jos ta zama alheri ga wasu: finafinan Koriya suka yi araha a kan na Japan, tashoshin Taiwan da Hong Kong da Biyetnam suka shiga saye. Daga nan aka samu kalmar Hallyu, wato igiyar Koriya.

Fim ɗin da ya kai wannan salo ƙololuwa shi ne Winter Sonata, wanda tashar KBS ta nuna a 2002 cikin kashi 20. Jun-sang da Yu-jin sun fara son juna a makarantar sakandare. Mota ta buge shi, ya manta duk abin da ya wuce, aka ce mata ya mutu. Bayan shekara 10 sai ta gamu da wani mai kama da shi sak, da wani suna daban, alhali an yi mata baiko da wani. Idan aka ba ka labarin a taƙaice haka sai ka yi dariya. Amma wanda ya kalla ya san ƙarfin fim ɗin yana cikin shirun da ke tsakanin mutanen biyu, da yadda Choi Ji-woo ke kallon Bae Yong-joon tana neman wanda ta sani a fuskar wanda bai san ta ba. Da tashar NHK ta nuna shi a Japan a 2003 da 2004, matan Japan, akasarinsu manya, suka yi masa lakabi da Yon-sama, dubbansu suka je filin jirgin sama tarbarsa a 2004. Wannan kuwa ƙasar da ta yi wa Koriya mulkin mallaka ce daga 1910 zuwa 1945.

Abubuwa biyu ne suka gina wannan salo. Na farko shi ne kunya. Tashoshin Koriya na gida iyali ke kallo tare, saboda haka abin da za a nuna yana da iyaka. Da aka rufe wannan ƙofa, sai marubuta suka zuba basirarsu a ƙananan abubuwa: riƙe lema a ruwan sama, miƙa kwano, ɗaure wa mutum igiyar takalmi. Harshen kansa ma ya taimaka. A yaren Koriya akwai maganar girmamawa, akwai ta sabo, kuma ranar da jarumi ya sauko daga ta farko zuwa ta biyu, ko jaruma ta daina kiransa da muƙaminsa ta ce masa oppa, kamar yadda 'yan matanmu ke cewa Yaya, to an yi babban abu. Abokiyar zamana ce ta nuna mini wannan, don fassarar da ke ƙasan allo ba ta ɗauko shi. Bahaushe da ya taso ya ga uwarsa ba ta ambaton sunan ubansa ba ya buƙatar dogon bayani a nan.

Na biyu shi ne yadda ake shirya finafinan. Shekaru da yawa al'adar tashoshin Koriya ita ce a nuna kashi biyu a mako, ana nunawa ana ɗaukar na gaba. Wani lokaci rubutun kan iso wa 'yan wasa a ranar da za a ɗauka. Wahala ce babba ga ma'aikata, amma ta ba marubuciya, don akasarin marubutan mata ne, damar ganin inda jini ya haɗu da inda bai haɗu ba, ta ƙara wa wannan fili, ta rage wa wancan. Ashe abin da muke gani kamar ƙaddara, sau da yawa gyara ne da aka yi a tsakiyar tafiya.

Jang-geum da Zhen Huan

Maganar yadda halin jaruma ke sauyawa kuwa, babu misalin da ya fi kwatanta mata biyu, ɗaya daga kowace ƙasa, dukkansu a cikin fada.

Dae Jang Geum, wanda MBC ta nuna daga 2003 zuwa 2004 cikin kashi 54, an ɗauko sunan jarumarsa ne daga kundin tarihin daular Joseon, inda aka ambaci wata mace mai magani a zamanin Sarki Jungjong, wanda ya yi mulki daga 1506 zuwa 1544. A fim ɗin, Jang-geum marainiya ce da ta shiga madafar fada, aka ƙulla mata sharri aka kore ta zuwa tsibirin Jeju, ta koyi aikin magani a can, ta dawo har ta zama likitar sarki. Soyayyarta da Min Jeong-ho tafiyar hawainiya take yi. Yana ara mata littattafai, yana tsaya mata, bai taɓa neman ta bar aikinta saboda shi ba. Duk wahalar da ta sha, ba ta zama irin maƙiyanta ba: da ta samu damar ramuwa ta hanyar magani, sai ta ƙi ɓata sana'arta. Fim ɗin ya zagaya duniya, ya yi tashe a Iran, kuma tashar Hunan ta nuna shi a Sin a 2005.

A 2011 Sin ta fito da tata jarumar, Zhen Huan, a fim mai kashi 76 da aka sani da Empresses in the Palace, wanda Sun Li ta jagoranta. Yarinya ce mai ilimi da aka kai gidan Sarki Yongzheng na daular Qing. Ta so sarkin da gaske, sai daga baya ta gane cewa kamar da ta yi da marigayiyar matarsa ce kawai yake so. Ta bar fada ta koma gidan ibada, a can ta sami soyayyar gaskiya wurin ƙanin sarkin. Da ta dawo fada, ba yarinyar nan ba ce ta dawo. Ta koyi makircin kishiyoyinta ta fi su iyawa, ta ga bayansu ɗaya bayan ɗaya. Sarki ya tilasta mata ta ba masoyinta guba, shi kuma ya musanya kofunan ya sha don ta rayu. A ƙarshe ta zama uwar sarki, babu wadda ta fi ta girma a fada, babu kuma wanda ya rage mata.

Bambancin bai ɓoyu ga mutanen Sin ba. A 2013 jaridar gwamnati, People's Daily, ta buga sharhin da ya kwatanta matan biyu, ya yabi Jang-geum, ya zargi Zhen Huan da koya wa jama'a cewa sai ka fi mugu mugunta za ka tsira. Masu kallo da yawa suka ce ai gaskiyar rayuwar ofis da gasar neman matsayi fim ɗin ya faɗa. A 2018 aka sake yin wani na fada, Story of Yanxi Palace, mai kashi 70, wanda jarumarsa ba ta barin ta kwana. A farkon 2019 wata jaridar gwamnati a Beijing ta soki irin waɗannan finafinai, tashoshi suka janye su daga nunawa.

Me ya sa Sin ta bi wannan hanya? Da fari ita ma ta yi zamanin hawaye. Marubuciyar Taiwan, Chiung Yao, wadda ta rasu a 2024, ita ta rubuta My Fair Princess na 1998, inda soyayya ke cin nasara a kan dokar fada. Amma daga shekarun 2000 sai labaran suka koma fitowa daga littattafan da ake rubutawa a intanet babi-babi, kuma labarin Zhen Huan daga can aka ɗauko shi. Irin wannan littafi dogo ne ƙwarai, don haka fim ɗinsa ma dogo ne, akwai filin da za a bi mutum daga ƙuruciya zuwa tsufa. Bugu da ƙari, a Sin sai an gama fim an kai wa hukuma ta duba kafin a nuna, babu zancen gyara a tsakiyar tafiya. Zamanin sarakuna kuma ya fi sauƙin magana a kan iko da zalunci fiye da zamanin yau. Shi ya sa a yawancin finafinan Koriya soyayya ce ke sauya mutum, ta mai da mai girman kai ya zama mai tausayi, a finafinan fada na Sin kuwa iko ne ke sauya mutum, soyayya ita ce farashin da ake biya.

Ba wai kowace ƙasa ta tsaya a gefenta ba ne. Koriya ta sake yin Scarlet Heart na Sin a 2016. My Love from the Star na 2013 ya sa matasan Sin layin sayen soyayyen kaza irin na Koriya. Kasuwar Sin ce ma ta sa aka gama ɗaukar Descendants of the Sun baki ɗaya kafin a nuna shi a 2016, don hukumar can ta duba. Da rikicin makaman kariya na Amurka ya ɓata tsakanin ƙasashen a wannan shekarar, ƙofar Sin ta rufe, sai finafinan Koriya suka nufi duniya ta Netflix, inda da yawanmu muka gamu da Crash Landing on You a 2019 da 2020. Jaruman wannan fim, Hyun Bin da Son Ye-jin, sun yi aure a 2022, abin da 'yar Koriya ke kafa mini hujja da shi kullum cewa ba duka ne gini ba.

Mu kuma fa?

Ba mamaki ba ne da waɗannan finafinai suka shige mu. Mutanen da suka yi shekaru suna kallon finafinan Indiya, suka karanta littattafan soyayya na Kano irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, sun san soyayyar da iyaye ke tsaya wa a gaba, sun san wadda ake yi ba tare da taɓa hannu ba. Gidan sarki mai mata da yawa kuwa ba sai an fassara mana shi ba.

Abin da ke damuna shi ne, mu ma muna da wannan iyaka ta kunya, amma sau da yawa muna ɗaukar ta a matsayin cikas. A finafinanmu da yawa, saurayi ya ga budurwa a minti na biyar, a minti na goma an shiga waƙa, mai kallo bai san abin da ya haɗa su ba, kuma yadda suka shigo haka za su fita. Koriyawa sun mai da kunya jari. Sinawa sun yi haƙurin bin mutum har ya zama wani. Dukkansu ba kuɗi ne ya fara ba su wannan ba, rubutu ne. Cikinmu nan akwai masu karatun adabi da aikin jarida da shirya fim, kuma wata rana gida za mu koma.

Ga ƙannena mata kuma da ke kwana kallo a waya, abin da nake faɗa musu shi ne su kalla su ji daɗi, amma su tuna cewa kallon nan da jarumi ya yi, wata ce ta zauna ta rubuta shi, aka ɗauka sau da yawa kafin a zaɓi guda. Kada a auna ɗan mutane da shi. Gardamar falonmu dai har yau ba ta ƙare ba, kuma makon gobe ni aka ce in kawo fim ɗin Hausa. Ina nan ina neman wanda zan nuna musu.